Diddigen Hansai

Makon da aka kai riɗi kasuwar Maigatari
kuɗi suka kwana a aljihun kowa,
Alhaji Nomau ya rantse bikin autansa
sai da makaɗa daga Gumel.
Ni ne na huɗu a bayan a-kori-kura,
na rungume jitar bes kamar mai jinya.

Tsirkiya huɗu, kowace kaurin igiyar guga,
wuya dogo, gaɓa-gaɓa kamar rake.
Shekara uku ina ƙirga gaɓoɓin nan da ido:
ta uku, ta biyar, ta bakwai, a komo ta uku.
Ban taɓa sanin launin ankon biki ba,
ban san wa ya yi liƙi, wa ya noƙe ba.
Tsakar kaina kawai jama'a suka sani.

Baba Cindo, da ya kaɗa wa maharba garaya
tun kwalta ba ta san hanyar garin ba,
yana kan kifaffen turmi, yana murza goro a magogi.
Da muka tsaya shan ruwa ya yafuto ni.
"Yaro, me ka yar a wuyan abin nan?
In allura ce, kawo in taya ka nema.
Tuwon dare nawa ka ci a duhu?
Ka taɓa kai loma kunne?"

Na ce, "Baba, taka tsirkiya biyu ce.
Tawa in yatsa ya goce faɗin ƙwayar wake
sifika za ta kai abin kunyar har bayan gari.
Tela ma allurarsa yake kallo,
ba a ce masa ya kalli kasuwa."

Ya watsa goro a baki, ya daɗe yana tsotsa.
"Tela ba rawa ake taka masa ba.
An ce gani ya kori ji.
To kai naka ya kore shi da gaske."

Na koma wurina da haushi.

Can bayan isha janareto ya yi tari biyu,
ƙwayaye uku suka mutu lokaci guda.
Sifikarmu a batirin mota take, ba ruwanta.
Haladu bai ɗaga hannu daga kalangu ba.
Na duba wuyan jita,
babu wuya, babu gaɓa, babu yatsuna.
Sai na ɗaga kai,
don ba ni da wani wurin ajiye ido.

Wata ɗan kwana tara, da fitilun wayar yara.
A nan na ga Hansai mai ƙosai,
wadda ƙafarta ta hagu ke ɗan ja,
tana sauke diddige bayan na kowa,
jinkiri kaɗan, kamar mai tunanin magana.
Ban san lokacin da na bi ta ba.
Inda ta sauke, nan na sauke.
Kiɗan ya yi nauyi, ya zauna da gindinsa,
matan gefe suka tura yara, suka shigo fili.

Na yi kuskure sau biyu. Ko uku.
Na ji su har cikin haƙorina.
Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba.

Aka ja igiya, wuta ta dawo,
kaina ya koma ƙasa da kansa
kamar jakin da ya hango gida.
Na saci kallon turmi don in ga fuskar tsoho:
ya jingina da katanga, baki buɗe, yana barci.

Har yau in zan haura gaɓa ta goma sha biyu
ina leƙawa, ba zan ɓoye ba,
yadda mai keke kan leƙa sarƙa a kan hanya.
Amma duk garin da aka sauke mu,
kafin in ɗaure tsirkiya,
sai na bi ƙafafun mutane da ido
ko akwai mai ɗan jan ta hagu.