Turken Akuyar Tarana

Kakana Ranau masassaƙi ne
a tungarmu, gabas da Miga, inda fadama ke lasar gindin dawa.
Ƙirya guda ya kayar, shekarar da aka haifi babana.
Gindinta ya zama turmi,
reshenta ƙotar fartanya biyu,
sassaƙen ya dafa mana ɗanwake da yamma.
Guntun da ya rage, mai kaurin cinyar maraƙi,
shi ya zauna da shi kwana tara a bayan rumbu.
Ya fitar masa da ido, ya tsaga masa baki,
gizago ya zame, kunne ɗaya ya tafi.
Ya ce ba komai, da ɗayan ma zai ji.

Aka yi masa ɗan ɗaki, aka rufe ƙofa da asabari.
Jan zakara duk faɗuwar ruwan fari,
giyar dawa a ƙoƙo, fura ranar girbi.
Ƙudaje suka yi ƙiba.
Shi kuwa bakinsa yadda aka tsaga shi.

Ina shekara goma na bi ƙawata majami'ar rumfar kara.
Malam Dogara ya buɗe littafi, ya leƙo ta saman tabarau,
ya ce wani annabin dā, can nesa da mu,
ya yi wa masu irin aikin nan dariya mai zafi.
Na ji kamar annabin ya taɓa kwana a gidanmu,
ya ga turmin, ya ci ɗanwaken.
Na yi dariya nima.
A hanyar gida dariyar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar tarwaɗa.

Sai shekarar da kogi ya ci gari.
Cikin dare ruwa ya shigo ba sallama,
katanga ta durƙusa, rumbu ya kwanta.
Kakata Tarana, ruwa iya ƙirji,
jika a baya, akuya a kafaɗar babana,
a kanta kuwa, bisa gammo, mai ɗakin asabari.
Shekara arba'in ana roƙon ya ɗauke mu,
ga shi yau tsohuwa ce ta ɗauke shi.
Da muka hau tudu ta sauke shi, ta murza wuya,
ta ce, "Kai, ko sannu?"

Kaka bai yi musu ba.
Ya daɗe yana shafa gurbin kunnen nan da babban yatsa.
Ya ce, "Yarinya, kina tsammani ban sani ba?
Ni na san inda kowane tabon gizago yake.
Tsoro ne ya yi mini yawa a ciki,
na nema masa wurin zama a waje."
Sannan ya ɗaga kai.
Gajimare na yayewa, ga taurari ba adadi,
kuma babu tabon gizago a jikin ko ɗaya.

Turmin yana nan, jiya ma na daka gero a ciki.
Guntun ƙiryar ma yana nan, gara ta gwada ta haƙura.
Tarana ta kafa shi a tsakar sabon gida,
ta ɗaure akuyarta a wuyansa.
Kullum da hantsi akuyar kan soshe ƙeya da hancinsa.
Yau shekara shida bai bar ta ta shiga gonar kowa ba.