Ramin Sha Bakwai

Da asuba hazon teku ke shigowa kwarin
a hankali, kamar baƙon da ya san ƙofar gida.
Ya kwanta kan kurangu, ya jiƙa musu ganye,
hantsi na ɗagawa ya naɗe tabarmarsa.
Sai rana ta karɓi aiki.
Zuwa azahar ƙarfen motata ba ya taɓuwa,
ƙadangaru ma sun nemi gindin dutse.

Shekara tara ina haƙa ramuka a gonakin Calistoga.
In durƙusa, in ɗebo, in murza, in sunsuna.
A gindin tsauni ƙasar ja ce, mai tsakuwa,
tokar dutsen da ya yi aman wuta
tun ba a haifi mai ba da labari ba.
Can wajen rafi baƙa ce, mai danƙo,
irin wadda babana zai gani ya ce a kawo irin rake.

Amma inabi ba rake ba ne.
Ka ba shi fadama, ya yi ta ganye kamar ɗan gata,
'ya'yan su kumbura da ruwa, baki ya rasa abin riƙewa.
Ka kai shi kan fako inda ƙishi ke kwana,
saiwa ta nutsa gaba uku tana farautar laima,
ya haifi 'ya'ya ƙanana, masu kaurin fata, baƙaƙe wuluk,
kowanne da zancensa a ciki.
Na daɗe kafin in yarda
akwai shukar da rowa ce gatanta.

A Satumba da dare ake girbi.
Eusebio da mutanensa, fitila a goshi,
wuƙa a hannu lanƙwashe kamar jinjirin wata.
Ƙarfe uku, sanyi na cizon kunne
a gonar da jiya ta gasa mana ƙeya.
Ya ce mini, rana ce ke zuba zaƙi,
dare ke ɓoye tsami kada ya gudu.
Ya miƙo mini nono guda. Na ci.
Iyakar inda nake bin inabi ke nan.

Lorna, mai gonar, ta sani, ta daina miƙo mini kofi.
A cikin kogon da gangunanta ke barci
takan zuba, ta juya, ta ɗaga wajen haske,
ta kurɓa, ta rufe ido ta ce:
wannan akwai ƙamshin tsakuwa bayan yayyafi,
da wani ɗaci-ɗaci kamar ƙarfe.
Ni kuwa in buɗe littafina.
Ramin sha bakwai, na ce, gabas da itacen nan da tsawa ta tsaga.
Ta yi dariya har ta ƙware.
Harshenta ya isa inda shebur ɗina ya riga shi.

Shekarar da wuta ta ci bayan tsauni,
kwana goma rana tana fitowa kamar garwashi.
Hayaƙi ya shige fatar 'ya'yan ya zauna.
Ganga arba'in ta zubar, ba ta yi kuka ba.
Ruwa ba ya tsami banza, na faɗa da harshenmu.
Ta ce me ke nan?
Na nemi yadda zan ƙetarar da shi na rasa,
sai na nuna mata tsaunin da ya ƙone.

Yanzu an gama girbi, ganye ya fara ja.
Nakan bi layuka in yi kala,
in shanya a bakin taga su zama zabibi.
'Yata Barmani ta jefa ɗaya a baki,
ta yamutsa fuska, ta ce wannan na tudu ne.
Na tudun ne kuwa.

Na fita alwalar magariba.
Sau uku na wanke hannu,
jar ƙasar nan tana nan ƙarƙashin farce.