Dorina, Fitowa ta Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

A Garwa aka haife ta, bayan siton auduga,
a ɗakin da fanka ke juyi kamar mai ciwon wuya.
Madam Henriyeta ce ungozoma,
matar injiniyan da ya zo duba ƙafafun gada.
Ta ce masu Ingilishi a nan gishiri ne cikin tafki,
Faransanci na narkar da su,
a yi musu takarda.
Suka raɗa mata suna da bakinsu,
ni na fassara wa mutanen unguwa: Dorina.

Ni aka ɗauka, Barau ɗan Tankari,
don na yi aji huɗu a Yola.
Tafireta mai giɓi, harafi ɗaya na ɗingishi,
injin gurza kuwa, ka yi ta juya hannu
har kafaɗa ta ja maka Allah ya isa.
Shafi huɗu, kwafi sittin,
tawada har gwiwar hannu.

Me ke ciki?
Wane zai koma gida, yana sayar da firjin kananzir.
Binuwai ta kawo, jirgi ya iso da cuku da wasiƙu.
A hana yara wanka, akwai tsargiya.
Karen Mista Dankan ya mutu yana da shekara tara,
rabin shafi aka ba shi, har da zane.
A watan ne Gidado direba ya kife a hanyar Marwa.
Layi biyu.
Sunan ma a karkace suka rubuto,
na miƙe shi, ban gaya wa kowa ba.

Daga ranar hannuna ya koyi ƙari.
A shafin koyon Hausa da Fillanci
ba komai sai zo nan, kawo ruwa, yi sauri.
Na saƙala layi ɗaya a ƙasa: sannu da aiki.
Wata uku shiru,
sai Likita Ingirid ta faɗa wa mai ban ruwan lambunta.
Ya saki bokiti,
ya waiga ya ga ko da wani a bayansa.

Madam ta tafi da akwati bakwai.
Dankan ya cika mujallar da hotunan ɓauna da bindiga,
Ingirid ta share su ta zuba allurar rigakafi.
Samari masu takalmin taya suka zo koyarwa,
suka kawo waƙoƙin kewa,
na buga dusar ƙanƙara ina sharce gumin Afirilu.
Shekarar fari kuwa ta yi ƙiba,
ma'aikatan agaji sun cika gari,
kwafi ɗari uku, takarda mai sheƙi daga Duwala.
Shanu na faɗuwa, Dorina na tashen kyau.

Ba wanda ya kashe ta.
Kowane wata shafin ban kwana na cin na barka da zuwa,
har labari ya koma shiga aljihu, yana ƙara.
Ta ƙarshe na buga sha biyu,
tara suka dawo mini.

Jiya Dudu jikata ta sayo gyaɗa a bakin tasha,
ƙunshe cikin shafi na uku.
Tun daga nesa na gane harafin nan mai ɗingishi.
Ta ce, Kaka, me aka rubuta?
Na ɗaga wa haske, mai ya ɓata rabi.
Na ce, wasu ne za su tafi,
kujera shida, keke, da tukunyar shayi.

Ta ce, sun samu mai saye?

Da yamma na gangara kogi.
Ta ainihin tana nan ƙarƙashin gada,
ta fito da hanci, ta yi tsaki da ruwa,
ta koma.