Fadamar Kwalkwalawa

Ran Lahadi aka yi wa fadamar babanmu kuɗi,
mai saye ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a.
Na kwana ina juya adadin a baki,
na wayi gari kaina kamar turmin gidan biki.

Na fara da kawu Labbo a Kasuwar Daji.
Bai ko ɗago daga buhun albasa ba, ya ce,
"Kuɗi ƙanƙara ne a ranar Sakkwato, yaro,
ƙasa kuwa inda ka bar ta, nan kaka iske ta."
Na san tasa ya sayar shekarar ambaliya.
Na auna maganar, na cire nauyin nadama,
abin da ya rage na sa a aljihu.

Arzika baduku, da basilla tsakanin haƙora:
"Sayar! Ka sayi tifa, yashi ne arzikin bana."
Shi da bai taɓa ganin kanta a tafinsa
ta dalilin fartanya ba.
Duk da haka na ɗauki ƙwaya ɗaya cikin ƙaiƙayin:
gaskiya ne, gwiwata ba ta da ba ce.

Bayan La'asar na durƙusa gaban Malam Modi.
Bai ce sayar ba, bai ce bari ba,
ya dai tambaye ni, "Su wa ke ci daga gonar?
Ka ji ta bakinsu?"

Kunya ta rako ni har zaure.

Ige na tsintar shinkafa a faifai.
Shekara goma sha tara tana auna abin da nake kawowa,
ban taɓa ce mata, me kika gani ba.
Ta ce, "Na zaci sai dai in ji a makwabta."
Ta ɗauko wani littafi mai tabon manja,
kowace kaka a rubuce, har wadda tsutsa ta cinye.
"Tudun nan da ruwa ba ya hawa, shi ke cin guminka.
Sake shi, ka riƙe kwarin, ka sayi injin ban-ruwa.
Kuma Hajo na da gado a ciki, ko ka manta?"

Yau Alhamis, ban yanke komai ba.
Ƙanwata ta taso daga Wurno, tana hanya.
Na shimfiɗa babbar tabarma,
wadda ba ta zama ta mutum ɗaya ba.