Ƙofar da Ba Ta da Bango

Shekara arba'in ina kewaye tudun nan da garma,
kamar yadda ubana ya kewaye shi,
ban taɓa tambayar wa ya tara ƙasar ba.
A nan Jutland ƙasa shimfiɗe take kamar faifai,
in ka ga ta yi doro, to hannun mutum ne.
Tumaki kan hau su sha iska.
Ni kuwa haushinsa nake ji,
fili guda, ko ƙwayar sha'ir bai taɓa ba ni ba.

Sai ga Bodil a watan Nuwamba,
da takalman roba da kyamara mai ƙafa uku.
Ta ce, “Aksel, ara mini tudunka.”
Na ce, “Ɗauke shi ɗungurungum, in motarki za ta iya.”

Kwana tara tana yi mana sammako.
Ta kafa ƙafafun, ta hura tafin hannu,
ta sha kofi, ta dubi gabas, ta naɗe kayanta.
Ko sau ɗaya ba ta danna ba.
Matata Gudrun ta leƙa ta taga ta ce,
“Wannan ko dai ta fi mu sani, ko kuwa ba lafiya.”

Da na tambaye ta sai ta ce,
“Rana nake jira ta sunkuyo,
ta lashi ciyawa daga gefe.
A lokacin ne ƙasa ke sakin baki.”

Ran na goma raɓa ta daskare,
makiyaya ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri.
Rana ta fito a karkace, ja, ba ɗumi.
Na ji ƙas, sau ɗaya tak,
ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinke ba.

Bayan mako uku ta shimfiɗa hoton a teburin girkinmu,
tsakanin burodi da tulun madara.
Ga tudun, baƙi wuluk, da inuwarsa har bakin shinge.
Amma a gindinsa, inda na rantse babu komai,
ga gida.
Dogon zane, cikinsa a kumbure kamar kifaffen jirgi,
duwatsu a jere ƙarƙashin ciyawa,
waɗanda na sha zagi don sun dakushe mini ƙarfe.
Ga duhu kaɗan a tsakiya, ta ce wataƙila murhu ne.
Ga giɓi ta kudu.
Ta ɗora yatsa a kai: “Ƙofa.”

Shekara dubu, in ji ta, ko da ɗoriya.
Wata ta tuƙa kunu a nan,
wani ya sunkuya kada ya bugi goshi,
yaro ya yi kuka, hayaƙi ya sa shi tari.

Gudrun ce ta gano farin layin da ya ratsa hoton.
“Hanyarka ce,” ta ce, “ta zuwa rijiya.
Kullum ta bangon mutane kake shiga.”

Bodil ta tafi da hotonta birni,
an ce yana rataye a wani babban ɗaki mai haske.
Ban je ba. Tumaki na haihuwa.

Sai dai yanzu in zan je rijiya
nakan ƙara taku goma sha ɗaya,
in zagaya ta kudu,
in kakkaɓe laka, in ɗan sunkuyar da kai.
Karena ne har yau bai koyi ladabi ba,
ta bango yake wucewa, yana waiwayena.