Direban da Ba Ya Tasha

Na ce wa Kawu Sallau direba nake nema,
ya ce in sauka tashar Matamai da asuba,
akwai wani Ɗanjuma, ba ya gudu, ba ya gyangyaɗi.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Kawu, wannan direban bai taɓa riƙe sitiyari ba.
Rubutu ne. Tafinta ne tsakanin kurame biyu.

Ga allon nan, kore, bai fi tafin hannun Barira ba.
Aiki ɗaya na ɗora masa:
ya zauna bisa tankin unguwarmu a Karkada,
ya leƙa ruwa,
ya gaya wa wayoyin mata
ko su fito da jarka ko su ƙara barci.
Tsarin da ke cikinsa an rage masa kaya,
ba a bar masa ko sunan baƙo ba
sai na waɗanda aka haife shi da su.

Ga kuma katin da zai kama iska ya mai da ita magana.
Jikka huɗu na ajiye a Kasuwar Dole.
Mai shagon ya rantse irin na wancan karon ne,
kwali ɗaya, suna ɗaya, har hoton ɗaya.
Na soka shi.
Shiru.
Allon ya ce ya ga mutum tsaye a zaure,
ya rubuta lambarsa,
amma bai san da wane harshe zai yi masa maraba ba.

Na ɓare bayan katin da wuƙar albasa,
na ari madubin idon Kawu na duba ƙwayar ciki.
Harafi ɗaya ya sauya a wutsiyar lamba.
Harafi ɗaya!
Sun musanya yaron, sun bar masa rigar wansa.

Dare uku ina tono.
Kuran ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya ba sallama,
kuɗin waya na tsiyaya kamar randa mai huji,
duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha da rana.
A dare na uku na same shi:
wani da ban san ƙasarsa ba ya rubuta shi shekara bakwai baya,
ya bar layi guda a samansa:
Yana aiki a wurina, ba ni da sauran lokaci.

Na ɗora shi a wuta.
Kuskure arba'in da ɗaya.
An yi shi don tsohon tsari, ƙofofin duk sun sauya wuri,
yana ta ƙwanƙwasa bango inda dā akwai taga.
Na bi shi ɗaki ɗaki ina nuna masa hanya.
Sha tara. Shida. Biyu.
Sai ya ce saura wani ƙunshi da kamfani ya ɗinke,
ba mai buɗewa, ba mai karantawa,
rataya kawai ake yi, kamar laya.
Na rataya. Ban so ba.

Ana kiran assalatu fitilar ta ƙifta.
Sau ɗaya, shuɗiya, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero.
Ban tashi kowa ba. Na zauna ina kallonta tana numfashi.

Saƙon farko da ya aiko daga bisa tanki:
babu ruwa.
Barira ta ce, wannan ai ko akuya ta sani.
Amma daren Alhamis, ƙarfe uku saura,
wayoyi goma sha ɗaya suka yi kuka tare,
na ji ƙarar jarkoki a lungu kafin in sami takalmina.

Har yanzu in rana ta take yakan suma.
Na kifa masa faifai, bai hana ba.
Jiya na buɗe rubutun mutumin nan,
ƙarƙashin layinsa na ƙara nawa:
Yana aiki a Damagaram,
in ban da tsakanin azahar da la'asar.
Wanda ya zo bayana, ya duba zafi.