Kwalbar Jinin Anselmo

A asibitin Peniche, bakin teku,
nas ta ɗaure masa dantse da roba,
ta ja jini cikin 'yar kwalba.
Sau uku ya tambayi sunanta.
Sau uku ta ce Graciete.

Wai za a auna man kifin da ke yawo a jijiyarsa,
a gwada da abin da ya rage a kansa.
Aka ce ya zana agogo.
Ya zana da'ira, ya tsaya,
sai ya cika ta da ƙananan kifaye.

Shekara hamsin da biyu yana jan taru,
gasasshen kifi safe da dare.
Da Lurdes ta rasu, murhu ya mutu,
ya koma burodi da shayi a tsaye.

Likita ya ce mai ya yi ƙasa a jinin,
amma bai san wanda ya riga tafiya ba,
man ne ko tunanin.
"Muna dai ƙirgawa."

Da yamma 'yarsa Filomena ta hura gawayi.
Ƙauri ya tashi. Tsoho ya ɗaga hanci,
ya ce iska za ta juya kafin asuba,
a gaya wa Lurdes ta kwashe shanya.

Filomena ta zare ƙaya, ta miƙa masa tsoka.
Ya ci, ya lashe yatsa, ya dube ta:
"Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?"